Misirawan zamanin Fir'auna: baƙaƙe ne ko farare?

Malamar Tarihi, Funtuwa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah wanda ya san abin nan da gaske ya warware mini: mutanen da suka gina dalolin Masar, baƙar fata ne ko farar fata?

Tarihi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma tambayar nan ba daga manhaja take zuwa mini ba, daga waya take zuwa. Akwai hotuna biyu da ke yawo a WhatsApp da TikTok. Ɗaya kan wata sarauniya ne, baƙi wuluk, an rubuta a ƙasansa wai ga ainihin Misirawa kafin Turawa su ɓoye gaskiya. Ɗayan kuma wata ce fara mai dogon wuya da siririn hanci da doguwar hula shuɗiya, masu tura shi na cewa ga hujja babu ruwan Afirka da Fir'auna. Ga kuma rigimar 2023, da Netflix ta sa baƙar mace ta fito a matsayin Kiliyobatira, Misirawa suka tada jijiyar wuya har da kai ƙara. Yanzu wani abokin aikina mai koyar da bayoloji ya ce mini ai magana ta ƙare tun tuni, wai Jamusawa sun gwada ƙwayoyin halittar gawarwakin sun gano mutanen Sham ne.

Ba na son in tsaya gaban allo in gaya wa yara abin da zai yi musu daɗi alhali ba gaskiya ba ne. Ba na kuma son in kashe musu gwiwa da maganar da wani ya ƙaga don ya raina mu. Su waye kakannin Misirawan nan? Mu Hausawa kuma, akwai abin da ya haɗa mu da su, ko son zuciya ne kawai?

Tsohon Ɗalibin Azhar:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa aikinki albarka. A Alƙahira na yi karatu, da na gama kuma na daɗe a can ina yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibitoci. Abin da zan faɗa, wani da idona na gan shi, wani karantawa na yi.

Hotunan nan biyu na san su. Baƙin kan na Sarauniya Tiye ne, mai shuɗiyar hular kuma Nafartiti ce, dukansu yanzu suna gidan tarihi a Balin ta Jamus. Abin da masu turawa ba sa gaya muku shi ne matan nan 'yan gida ɗaya ne. Tiye ce ta haifi Fir'auna Akhenaten, Nafartiti kuwa matarsa ce, wato uwar miji da matar ɗa. Kan Tiye da katako aka sassaƙa shi, katakon kuma ya rine saboda daɗewa. Na Nafartiti dutse ne aka yaɓe shi da farar ƙasa aka bi da fenti. Wanda duk ya nuna ɗaya ya ɓoye ɗayan, ba tarihi yake koyarwa ba.

Fentin Misirawa yana da ƙa'idarsa. A tsohon gidan tarihin da ke dandalin Tahrir akwai mutum-mutumin wani miji da matarsa, Rahotef da Nofret, suna zaune gefe da gefe, aikin sama da shekara 4,500. Na tsaya a gabansu har ƙafata ta gaji. An sa musu ido na wani dutse mai sheƙi, in ka matso sai ka rantse kallonka suke. Shi an shafa masa jan ƙasa mai duhu, ga ɗan siririn gashin baki. Ita kuwa an yi ta fara mai ɗorawa-ɗorawa, ta ɗora hular gashi mai kauri, amma a goshi kana ganin nata gashin ya leƙo ta ƙarƙashi. Wanda bai sani ba zai ce Bamisire ne ya auro baƙuwa daga wata ƙasa. Ba haka ba ne. Haka suka saba zana maza da mata tsawon shekaru dubbai, namiji ja, mace mai haske. Baƙi kuwa a wurinsu launin ƙasar noma ne da sake rayuwa, shi ya sa za ki ga Tutankhamun an yi shi baƙi ƙirin a gumaka biyun da ke gadin kabarinsa, a wani sassaƙen kuma shi ɗin dai ja ne.

Ba wai ba sa ganin bambancin fata ba. A kabarin Fir'auna Seti na ɗaya, a Kwarin Sarakuna da ke yamma da Luksor, an zana 'yan Adam kashi huɗu: su Misirawa jajaye masu duhu, mutanen Sham masu gemu da ɗorawar fata, Nubiyawan kudu baƙaƙe, sai mutanen Libiya masu haske da gashin tsuntsu a ka. Sun ware kansu daban da kowa. Amma abin da ke sa mutum ya zama nasu ba fata ba ce, harshe ne da sutura da abin bauta da yadda za a binne shi.

Ga misalin da ya fi kama mini hankali. Akwai wani basarake na Nubiya, Hekanefer, a zamanin Tutankhamun. A bangon kabarin Huy, gwamnan da Fir'auna ya naɗa wa ƙasar Kush, wato Nubiya da ke kudu da Masar, an zana Hekanefer ya faɗi yana gaisuwa, baƙi, da gashin jimina a ka da fatar damisa, baƙo sosai mai kawo haraji. Amma da aka tono nasa kabarin a Toshka, sai aka tarar da kabari irin na manyan ma'aikatan Masar, da rubutun Misirawa da kayan binnewarsu, sunansa ma na Misiranci ne. Mutum ɗaya ne. A wurin bikin fada Banubiye ne, a gidansa na gaskiya Bamisire. Haka Maiherpri, mai riƙe wa sarki mafici, wanda takardar da aka binne shi da ita ta nuna shi baƙi da nannaɗaɗɗen gashi, kuma a Kwarin Sarakuna aka sa shi, inda manyan fadawa da yawa ba su samu shiga ba.

Yanzu abin da na gani. Wanda ya hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ta Alƙahira ya nufi Asuwan, ya zura ido a kowace tasha, zai ga fata tana ƙara duhu a hankali, ba tare da wani layi da za ka ce nan aka canza ba. A Iskandariyya za ka ga wanda ba ka raba shi da Balabanone. A Asyut da Suhaj manoma ne wankan tarwaɗa, rana ta ƙara gasa su. Kafin ka kai Kom Ombo da Asuwan, ka fara cin karo da fuskokin da in a kasuwar Kurmi ne ba wanda zai waiwaya ya kalle su. Ƙasar doguwa ce siririya, sama da kilomita 1,000 daga Bahar Rum zuwa Asuwan, ƙofa ɗaya tana kallon Sham ɗaya tana kallon Sudan. Babu dalilin zaton a dā ba haka take ba.

To ina za ki saka waɗannan duka a cikin akwati biyu? Mu nan, in aka ce "wance fara ce", ai ba Baturiya ake nufi ba. Yarinyar da za a kira fara sol a Funtuwa, in ta sauka Amurka baƙa ce. Akwatunan nan na "fari" da "baƙi" da ake faɗa a kansu a intanet ba su daɗe ba. A ƙarshen ƙarni na 18 ne wani masanin Jamus, Blumenbach, ya kasa 'yan Adam gida biyar, cinikin bayi kuma ya ba rabon haƙora. Dubi yadda abin ke karyewa in ya zo kan Masar: a ƙa'idar gwamnatin Amurka ta 1977, duk ɗan Arewacin Afirka fari ne a takarda. Har wani Banubiye ɗan Masar mazaunin Detroit, baƙi ƙirin, ya kai gwamnati kotu a 1997 yana neman a cire shi daga layin farare. Sai a 2024 suka buɗe wa mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka nasu gurbin.

Kiliyobatira kuwa ki cire ta daga lissafin. Gidansu Girkawan Makidoniya ne, jikokin Batlamus, kwamandan Iskandar, sarkin da ya ci Masar a 332 kafin Miladiyya. Ta mutu a shekara ta 30 kafin Miladiyya, wato tsakaninta da mu ya fi kusa a kan tsakaninta da ginin babbar dalar Giza.

In ni ne a gaban allon, cewa zan yi: 'yan Afirka ne, 'yan kwarin Nilu, a nan suka tsiro, ba wani jirgi ne ya kawo su ba. Sarautar da ta haɗe ƙasar wajen 3100 kafin Miladiyya ma daga kudu ta taso, daga yankin Nakada da Abidos. Launinsu daga mai haske har baƙi, mafi yawa a tsakiya, kuma tun fil azal ana shigo musu ta arewa maso gabas da ta kudu ana auratayya.

Ɗan Damagaram:

Allah ya gafarta Malam, na ƙaru da bayaninka, amma ka yi wa masu laifi sassauci. Ni a Dakar na yi karatu, a jami'ar da ke ɗauke da sunan Cheikh Anta Diop, masanin Senegal da ya dage cewa Misirawan dā baƙaƙe ne, kuma ba zan ji daɗi a ce wa yara "akwatunan sababbi ne" a tsaya nan ba. Wa ya ƙera akwatunan, kuma don me?

A 1844 wani likita a Filadelfiya, Samuel Morton, ya auna ƙoƙunan kan Misirawa ya ce farare ne, baƙaƙen da ke cikinsu kuma bayi ne da barori. Lokacin ana tsakiyar bautar da 'yan'uwanmu a gonakin audugar Amurka, masu kare bauta suka rungume maganarsa hannu bibbiyu. Bayansa aka zo da tatsuniyar jikokin Hamu, wai duk wani abin kirki da aka gani a Afirka wasu fararen makiyaya ne suka shigo da shi. George Reisner ya tono Karma a Sudan daga 1913, ya ga gini da dukiya, ya ce ai sansanin gwamnan Masar ne, don hankalinsa bai ɗauki baƙar fata za ta yi hakan da kanta ba. Sai da Charles Bonnet na Suwizalan ya shafe shekaru yana tono a wurin kafin aka yarda babban birnin wata daula ce ta 'yan ƙasa.

Abin da ke ci mini rai, Malam, shi ne ma'aunin nan fuska biyu gare shi. In maganar bauta ce ko wariya, ɗigon jini ɗaya ya isa a kira mutum baƙi. In maganar dala ce, sai a ce a'a, wannan ja ne, wancan wankan tarwaɗa ne, kada a yi gaggawa. Hekanefer ɗin nan naka, da Tiye, da manomin Luksor, da sun shiga bas a Alabama a 1950, a kujerar baya za a zaunar da su.

Diop ba da baki kawai ya yi faɗa ba. Masanin kimiyya ne, shi ya kafa ɗakin auna shekarun kayan tarihi a Dakar. A taron da UNESCO ta kira a Alƙahira a 1974, shi da Théophile Obenga na Kwango suka tsaya gaban manyan masanan Turai da na Masar, aka tashi an yarda Masar ta Afirka ce a al'adarta da tunaninta. Hirodotus Bagirke, da ya je ƙasar a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya siffanta su da duhun fata da nannaɗaɗɗen gashi. Binciken 2012 a kan gawar Ramsis na uku, wanda ya gano yankan rago aka yi masa, ya hasashe layin ubansa irin wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma ne. Ga kuma Piye da Shabaka da Taharka, sarakunan Kush da suka mulki Masar baki ɗayanta. Dalolin Sudan sun fi na Masar yawa, amma yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin sunan Marawi ko Nuri? Malama, don Allah ki koya musu waɗannan.

Ma'aikaciyar Lab, Zariya:

Yaya Malama, bari in taɓa maganar abokin aikinki, don na karanta binciken da yake nufi. A 2017 aka buga shi, aikin masana daga Tubingen da Jena. Sun ɗebi samfur daga gawa 151, duka daga maƙabarta ɗaya, Abusir al-Malak, kusa da Fayum. A 90 sun samu abin da ake gado ta wajen uwa kaɗai. Waɗanda aka samu bayani mai faɗi a kansu, na uwa da uba, mutum uku ne rak. Gaskiya ne ukun nan sun fi kusa da mutanen Sham da Anatoliya (Turkiyyar yau) na dā, kuma an ga Misirawan yau sun fi su jinin kudu da Sahara da kusan kashi 8 cikin ɗari. Sai dai gawarwakin na tsakanin wajen 1400 kafin Miladiyya ne zuwa 400 bayanta. Mafi tsufansu ma ya zo bayan ginin dalolin Giza da sama da shekara dubu, bayan Hiksos sun shigo daga Sham sun yi mulki a arewa. Masu binciken da kansu sun rubuta cewa wuri ɗaya ne, kudu na iya bambanta. Kamar a tono kabari uku ne a Legas a ce an gama sanin mutanen Najeriya tun daga zamanin Nok.

Wanda ya fi kusa da tambayarki a Yulin 2025 ya fito. Wani mutum ne da aka binne a cikin babbar tukunyar ƙasa a Nuwairat, kilomita 265 kudu da Alƙahira, shekara 4,500 zuwa 4,800 da suka wuce, daidai lokacin dalolin farko. An tono shi a 1902 aka kai shi Liverpool. Ba a shafe shi da gishirin busar da gawa ba, tukunyar kuma tana cikin kogon dutse mai sanyi, shi ya sa aka iya ciro cikakken bayani daga saiwar haƙorinsa. Dattijo ne gajere, ƙasusuwansa sun nuna ya daɗe yana zama ƙafa a miƙe yana aiki da hannu, har ana zaton maginin tukwane ne.

Kusan kashi 80 na asalinsa ya fi dacewa da tsofaffin mutanen Arewacin Afirka, kusan kashi 20 kuma da mutanen yankin Iraƙi na dā. Ba ana nufin daga Maroko ya zo ba, ƙasusuwan Maroko ne mafi kusa a cikin waɗanda ake da su a hannu don kwatantawa. Ga wurin da nake so kowa ya lura: ƙwayoyin halittar nan dai sun nuna fatarsa mai duhu ce, tsakanin duhu da baƙi. Wato ga mutum baƙi a ido, amma danginsa na kusa ba mu ba ne, ba kuma Turawa ba. Launi daban, asali daban. Zafin rana ke tsara launin al'umma a tsawon zamani, shi ya sa mutanen kudancin Indiya baƙaƙe ne ba tare da sun zama 'yan'uwanmu na kusa ba.

Shi ma dai mutum ɗaya ne. Na Ramsis na uku kuwa, ɗan'uwa na Damagaram, hasashe ne daga alamomi kaɗan, kuma layin uba zare ɗaya ne cikin dubban kakanni.

Bagobirin Sabon Birni:

Ni tambayar Malama ta ƙarshe ce ta dame ni. Mu Gobirawa tun muna yara kakanninmu ke gaya mana daga Misira muka fito, mu Ƙibɗawa ne, wato tsofaffin mutanen Masar, muka biyo ta Azbin kafin mu sauko Birnin Lalle da Alƙalawa. Ba hirar tsofaffi kaɗai ba ce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo ta a Infaƙul Maisuri. Baba Malam na Azhar, kai da ka zauna da su, me za ka ce? A ajiye wannan a ina?

Tsohon Ɗalibin Azhar:

Ɗana na Damagaram, duk abin da ka faɗa game da Morton da Reisner haka yake, kuma na yarda a koya wa yara shi da sunaye da shekaru. Sata aka yi, Diop kuma ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Inda muka rabu da kai kaɗan ne, amma yana da nauyi. Maganin ma'aunin Alabama ba shi ne mu karɓe shi mu juya shi ba. Mu jefar da shi. Taron 1974 ya yarda Masar ta Afirka ce, amma yawancin mahalarta ba su bi Diop a kan cewa dukkan Misirawa baƙaƙe ne iri ɗaya da mu ba, abin da 'yar'uwa ta Zariya ta kawo kuma ya nuna dalili. Afirka ba fuska ɗaya gare ta ba. Buzun Agadas da Badinken Sudan ta Kudu da Bahabashe duk 'ya'yanta ne, ba wanda ya fi wani zama ɗan gida.

Kush kuma a koyar da ita da sunanta, ba a matsayin reshen Masar ba. Tsakaninsu akwai auratayya akwai jini. Fir'auna Senusret na uku ya kafa dutse a Samna yana hana kowane Banubiye wucewa arewa sai in fatauci ya kawo shi. Daga baya Masar ta mamaye Nubiya shekaru ɗaruruwa, sannan reshe ya juye da mujiya, Piye ya hau da rundunarsa daga Napata, Taharka ya yi mulki daga 690 zuwa 664 kafin Miladiyya, har Assuriyawa suka tura su kudu.

Akwai maganar da nake gani a intanet da ke ɓata mini rai, wai Misirawan yau Larabawa ne 'yan mamaya, ba su da gado a dalolin. Wannan zalunci ne. Rundunar Amru ɗan Asi da ta shigo a 639 'yan dubbai ce a cikin miliyoyin manoma. Harshe da addini ne suka canza, mutanen suna nan. Har gobe a cocin Ƙibɗawa ana addu'a da harshen da ya gangaro daga na Fir'aunoni. Na san kuma abin da ke hura wutar ta ɗaya ɓangaren, don ni ma yara sun bi ni a lungunan Alƙahira suna kiran launina, na ga yadda ake yi wa 'yan Sudan a cikin bas. Bamisiren da ke jin an zage shi in an ce kakansa baƙi ne, shi ma ciwon Morton ne ke cinsa. Alhali mahaifiyar Anwar Sadat jinin Sudan ce, su kansu sun sani.

Ɗan'uwa Bagobiri, a ajiye maganar kakanni a inda take da daraja: tana gaya mana yadda Gobirawa suka ɗauki kansu, mutane 'ya'ya masu tsohuwar sarauta. Zaman Azbin yana da ƙarfi a tarihi. Na Misira kuwa ya shiga sahun Daura da Bagadaza, da Barno da Yaman. Bayan zuwan Musulunci kusan kowace tsohuwar masarauta a yankinmu ta juya fuskar asalinta gabas, Turawan mulkin mallaka kuma suka ji daɗin hakan don ya dace da tatsuniyarsu ta Hamu. Ba zan ce wa yaro Bagobiri jikan Fir'auna ne ba.

Amma akwai zumunta ta gaske, wadda ta girmi Fir'auna. Masana harshe sun sa Hausa da sauran harsunan Cadi a dangi ɗaya da tsohon Misiranci da Larabci da Ibrananci da Buzanci da Somaliyanci. Huɗu a Misiranci da baƙaƙen f-d-w ake rubuta shi, mu ma akwai masu cewa fuɗu, mutuwa kuma m-w-t ce. Wolof ɗin da Diop ya yi ta gwadawa da Misiranci ba ya cikin dangin nan, Hausa ce a ciki. Rabuwar dai ta auku shekaru dubbai kafin a aza dutsen dala ta farko, kuma harshe na tafiya ko jini bai bi shi ba.

Hanyar da ta haɗa mu ita ce Sahara, lokacin tana kore, daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, inda yau babu ko ɗigon ruwa, an tono maƙabarta a bakin tsohon tafki da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. A Dufuna ta jihar Yobe wani makiyayi yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai shekara kusan 8,000. A Nabta Playa, kudancin Masar, makiyaya suna binne shanu da girmamawa tun kafin a yi Fir'auna na farko. Da ruwan sama ya ja baya, wasu suka gangara bakin Nilu, wasu suka yi kudu wajen Tafkin Cadi.

In kuma hulɗar da ke rubuce kuke nema tsakaninmu da Masar, ta zamanin Musulunci ce. A ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. A ƙarshen ƙarni na 15 kuma Imam Suyuɗi ya aiko wa sarkin Katsina Ibrahim da sarkin Agadas wasiƙa daga Masar, yana yi musu nasiha a kan adalci ga talakawa.